Mai Faskaren da Ke Aiken Mala'ikansa

A bayan kasuwa, inda motocin itace ke juye kaya, akwai wani fili da ba ya rabuwa da ƙarar gatari. Nan Mai Faskare ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana tsaga gungume. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuya kamar turmi, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Kayan aikinsa gatari biyu ne, da guduma, da ƙarafa uku masu tsini da yake kafa wa gungumen da ya yi taurin kai. Kafin ya sauke gatari sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce, "A kauce!" ko da kaza ce kaɗai a wurin, domin tun yana sabon shiga ya ga guntun itace ya yi tsalle ya tsiyaye idon wata mata da ta zo saye.

Abokan aiki Aradu suke ce masa, kuma ba don gatarin ba ne. Zuciyarsa a kusa take. Har yau tsofaffin filin suna ba da labarin ranar da wani direba ya yi baya da mota ya rushe masa tarin itacen kwana uku, sa'an nan ya leƙo ta taga ya ce, "Kai jakin itace, ba ka da ido ne?" Mai Faskare ya jingine gatari, ya cire hula, ya juya wajen kafaɗarsa ta dama ya yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗan tsaya kamar mai jiran baƙo ya sha kwana. Daga nan ya finciko direban ta tagar, ya haɗa fuskarsa da ƙofar motar sau uku. Haƙora huɗu aka tsinta a cikin ɓawon itace, kuma sai da ƙarti biyar suka taru kafin aka ɓamɓare shi daga wuyan mutumin.

Wannan cire hula da raɗa, kowa ya san su. In aka ga ya yi, sai fili ya watse. Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce aljaninsa yake kira. Matarsa kaɗai ta san gaskiya, da wasu mata biyu ko uku na zumuntar coci da ta taɓa gaya wa don su taya ta addu'a.

Asalin abin tun yana yaro ne. Ya tashi a gidan da duka ya fi abinci yawa. Ubansa in ya sha ya dawo, da uwar yake farawa ya ƙare da 'ya'yan. Yana shekara tara gwaggonsa ta ɗauke shi, ta sa shi ajin koyon addini a cocin Katolika na unguwarsu. Katekis ɗin, wato malamin ajin, wani tsoho ne mai ɗingishi. Shi ya koya musu cewa babu ɗan Adam da ke zuwa duniya shi kaɗai. Allah yana ba kowa mala'ika mai tsaro, wanda ba ya barci, ba ya gajiya, yana tafe da kai tun ranar da aka haife ka har ranar da za a rufe ka, kuma duk da haka idonsa na kan fuskar Uba a sama. Ya ce musu kuma, in kana da majinyaci a nesa, ƙafarka ba ta kai ba, kana iya roƙon mala'ikanka ya je ya gaishe maka shi, ya ƙarfafa shi.

Yaron ya haɗa waɗannan biyu a kansa, ya fitar da na uku da ba wanda ya koya masa. In dai idon da ke kallon fuskar Allah shi ne ke kallona, ai bai kamata ya ga hannuna a bakin wani ba. Ko babban baƙo ne ya zo gidanka, ba ka faɗa a gabansa, sai ka raka shi tukuna. Tun daga nan, duk sa'ad da jini ya hau masa kai, sai ya cire hula ya ce, "Yallaɓai, don Allah ɗan je ka duba mini Inna, ka ga yadda ta kwana." Da Inna ta rasu ya koma aikensa wurin Gwaggo. Da Gwaggo ta bi ta, sai asibiti, ya gaida duk wanda ba shi da mai jinya. In faɗa ya ƙare, yakan je famfo ya wanke jinin, ya yi alamar gicciye, ya mayar da hula ya ce, "Sannu da dawowa, Yallaɓai."

Matarsa takan ce, "Maigida, wannan bawan Allah naka ya sha rana. Wata rana zai ce a saya masa keke."

"Ke, ba a wasa da manya."

"Au, manyan ne kake aika kamar yaron gida?"

A wurinsa aiken nan ladabi ne. In ya durƙusa gaban Fada don furta zunubi, ba ya ɓoye komai, har yawan haƙoran yake faɗa. Amma aiken bai taɓa ambata ba, domin wa ke furta ladabi?

Yana da shekara arba'in da ɗaya ya karya wa wani mai gadi muƙamuƙi da ƙashin kafaɗa, aka ɗaure shi wata shida. A cikin watannin nan autarsu ta karɓi Jibin Ubangiji na farko, da farar rigar da uwarta ta ɗinka mata da hannu, ba ya nan. Ranar da ya fito ya miƙa mata hannu, yarinyar ta dubi hannun ta ɓuya a bayan uwarta. Wannan ya yi masa abin da gidan yari bai yi ba. Shekara goma sha bakwai hularsa ba ta bar kansa ba sai a ƙofar coci. In ransa ya ɓaci sai ya nemi gungumen da ya fi kowanne ƙulli, ya kwana biyu a kansa.

Auta ta girma ta zama tela, mai hannu ƙwarai. Ita ta zaɓi mijinta, ba wanda ya ce mata ga shi: wani mai gidan burodi, dogo, mai fara'a, shi ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. In ya ɗauki waƙa ranar Lahadi tsofaffin mata har hawaye suke yi. Tandarsa da itacen Mai Faskare take ci, duk mako amalanke biyu.

Shekarar farko da aurensu Auta ta zo gida da kumburarren leɓe, ta ce ƙofa ce. Bayan 'yan watanni ta zo coci ta ja ɗankwali har kan ido ɗaya. Mai Faskare yana kujerar baya, yana gani. Matarsa ta riƙe masa gwiwa har aka tashi. Aka kai magana gaban Fada, aka zauna da dattawa, mai burodi ya durƙusa ya yi kuka ya rantse. Dattawa suka ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mai Faskare ya koma fili, a makon nan ya karya ƙota biyu.

Wata Talata da hantsi, yana cikin kafa ƙarfe a wani gungume, maƙwabciyar Auta ta shigo filin a guje ba takalmi. Ta ce ya zo asibiti.

Ɗaki ne mai gado takwas, Auta na kan na ƙarshe kusa da taga. Da ba don zanen da ke jikinta ba, da bai gane ta ba. An ɗaure mata haɓa da waya. Haƙarƙari uku sun karye. Yatsun hannun dama, hannun almakashi, an naɗe su da farin ƙyalle sun zama dunƙule ɗaya. Cikin wata bakwai da take ɗauke da shi kuwa, ma'aikaciyar jinya ta ce masa a hankali, namiji ne, bai zo da rai ba. Laifinta, in ji maƙwabciyar, ta ce za ta tafi gida wurin uwarta ta haihu. Da ya tambaya da me aka doke ta, maƙwabciyar ta sunkuyar da kai ta ce da itacen tanda.

Itacen da shi da hannunsa ya tsaga ke nan.

Auta ta kama bakin rigarsa da hannun hagu. Ta cikin haƙora ta ce, "Baba, kar."

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya ajiye mata hannun a kan gado. Ya fita. A barandar ɗakin ya tsaya ya cire hula.

Matarsa da ke biye da shi ta saki kwanon da ke hannunta. "Maigida! Mayar da hular nan! Don girman Allah mayar da ita!"

Ya juya dama ya ce, "Yallaɓai, zauna nan wurinta. Yau kar ka biyo ni, ko ka ji ana kiran sunana." Ya miƙa wa matar hular, ya sauka matakala.

Duk faɗan da ya yi a duniya da hannu ya yi shi. Ranar nan ya biya ta fili ya ɗauki babban gatarin, ya zauna a bakin dutsen washi ya wasa shi har ya iya aske gashin hannunsa. Abokan aikinsa suka ga kai ba hula. Ɗaya daga cikinsu ya bi ta bayan motoci ya tafi kiran 'yan sanda, amma ofishinsu da nisa.

Gidan burodin dogon ɗaki ne na kwano. Tanda a ƙurya tana huci, teburin murza ƙullu a tsakiya, ga gwangwanayen burodi a jere har rufi. Mai burodi ya fito aiki kamar ba abin da ya faru, domin masu saye ba su san an yi ɓari ba. Ma'aikatansa uku suna ganin wanda ya shigo suka fice ta taga. Shi kuwa ya ja da baya yana cewa, "Baba, tsaya ka ji, wallahi shaiɗan ne, Baba."

Sara ɗaya Mai Faskare ya raba teburin biyu. Ƙullu ya zube ƙasa. Mai burodi ya wawuro dogon itacen da ake zaro burodi daga tanda, ya kai masa duka da iyakar ƙarfinsa. Bakin itacen ya same shi a gira ta hagu, fata ta tsage, jini ya rufe idon. Bai ko girgiza ba. Ya kama itacen ya fizge, ya jefa shi cikin wuta. Mai burodi ya ruga ɗakin ajiyar fulawa ya danna sakata. Sara biyu ƙofar ta faɗi. Ya jawo shi da ƙafa ta cikin buhuna, fari fat kamar gawa, ya maka shi a kan gwangwanaye, suka zubo musu a ka. Ya taka masa ƙirji.

"Da wane hannu?"

"Baba, ka yi wa Allah..."

"Na ce da wane hannu?"

Bai jira amsa ba. Ya juya gatarin ya sauke ƙeyarsa a kan damtsen dama. An ji ƙarar ƙashin har bakin titi, da ihun da ya biyo baya. Muryar nan da ke sa tsofaffi kuka, ranar nan kamar ta akuya a hannun mahauci. Mai Faskare ya juya gatarin bakinsa ya dawo gaba, ya gyara tsayuwa, ƙafa a ware, kamar yadda yake yi wa gungume. Ya ɗaga. Shekara arba'in hannu ya saba, baki ma ya saba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce, "A kauce!"

"Wa zai kauce, Baban Auta?"

Uwar mai burodi ce a bakin ƙofa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ita ke zama a gaban gidan da tebur tana sayar wa masu wucewa. Kujera ɗaya suke zama da matar Mai Faskare a zumunta, tana cikin waɗanda aka gaya wa sirrin hular. Ba ta yi ihu ba, ba ta kuma matso ba.

"Fita, Mama. Ba na so ki gani."

"Ni ma aikena za ka yi? Na ga kanka ba hula. Na san ka aiki naka."

"Na ce ki fita."

"Naka ka aika. Nasa fa?"

Gatarin na sama. Jini na ɗiga daga haɓarsa a kan fulawa.

"Wannan karen?"

"Karen. Ni na haife shi, na fi ka sanin abin da na haifa. Ni na wanke jinin 'yarka daga daɓe yau da safe, da hannun nan. Ba roƙonka nake yi don ya cancanta ba. Amma ranar da ya faɗo duniya an tsayar masa da nasa, kamar yadda aka tsayar maka. Katekis ɗaya ya koya mana. Ya ce maka banda miyagu?"

"To ina yake ɗazu?" Mai Faskare ya daka tsawa har kwanon rufi ya amsa. "Ina yake sa'ad da wannan ya ɗauki itace? Ina na 'yata? Ina na jikana?"

"Suna nan. Duk suna nan, sun gani." Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Ba sa riƙe hannun mutum, Baban Auta, da sun riƙe na ubanka. Magana suke yi. Nasa ya yi masa magana, ya toshe kunne. Yanzu ga shi nan a kansa, bai tafi ba. Ni da na haife shi na kusa tafiya, shi bai tafi ba."

Mai Faskare ya dubi wurin da ke bayan kan mutumin. Ba komai sai buhun fulawa da ya fashe. Amma bai iya ɗauke ido daga wurin ba. Direban nan ya faɗo masa a rai, da mai gadin, da duk waɗanda ya zubar wa haƙora tun yana saurayi. Kowannensu da nasa a tsaye. Shekara da shekaru yana raka baƙo ɗaya waje, ashe ɗakin cike yake da baƙi.

Da muryar da ba a taɓa jin ya yi ba ya ce wa wurin, "Yallaɓai, don Allah kai ma ɗan ba mu wuri. Je asibiti, akwai wata yarinya a gadon ƙarshe."

"Ba naka ba ne da za ka aika," in ji tsohuwar. "In za ka sara, sara a gabansa."

Mai burodi ya rufe ido, fitsari na bin ƙafar wandonsa. Mai Faskare ya yi wani irin nishi kamar na sa, ya sauke gatarin. Bakin ya wuce kunnen mutumin da faɗin yatsa biyu, ya nutse a daɓen siminti, ƙotar ta tsage a hannunsa.

Ya daɗe a tsaye yana haki. Sa'an nan ya fita, ya jawo amalanken da ake kawo itace da shi, ya ɗauki surukinsa kamar buhu ya jefa a ciki, bai damu da hannun da ke reto ba. Ya tura shi ta tsakiyar titi da rana tsaka, jini ya rufe masa rabin fuska, mutane na darewa, tsohuwar na biye da su riƙe da takalman ɗanta. A ƙofar asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Wa ya yi masa haka?"

"Ni ne. In 'yan sanda sun zo, ina ɗakin mata."

Matarsa na zaune a bakin gadon, carbi a hannu. Auta ta buɗe idon da ke buɗuwa, ta dubi fulawar da ke jikinsa, ta dubi hannuwansa.

"Ka kashe shi?"

"A'a."

Ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suka fara girgiza.

Wata tara aka ba Mai Faskare a gidan yari. Idon hagu bai sake gani ba, kuma mai ido ɗaya ba ya auna sara, don haka da ya fito sai ya koma ɗaure itace yana miƙa wa masu saye. Shi ma mai burodi an ɗaure shi, ya fi surukinsa daɗewa, da ya fito ya bar garin da hannu a shanye. Auta ta dawo gida da kekenta na ɗinki, ta koyi riƙe almakashi da hagu, ba ta sake aure ba. Ita ta yi jinyar ubanta shekara goma sha ɗaya bayan haka, ita ta kira masa Fada ranar ƙarshe.

Ya taɓa gaya wa matarsa cewa abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kukan nan da Auta ta yi da ya ce mata a'a, bai san ko na godiya ba ne, ko kuwa so ta yi ya ce i. Matar ta ce ya tambaye ta mana, ga ta nan a tsakar gida. Ya ce to, gobe. Har ya rasu bai tambaya ba.